Buhu Ashirin da Shida na Asibitin Galadi

Galadi,
12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga ɗiyata Zulaihat Shu'aibu, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mahaifiyarki Hindu. Yaya ƙafarta? Ki ce mata na ce ta rage zirga-zirgar biki, ƙafar za ta sauka da kanta. Mu nan lafiya, sai zazzaɓi da ya kwantar mini da leburori biyu, ni kuma bayana ya fara tuna mini da shekaruna.

Kin ga an mayar da mu zamanin biro da takarda. Tun da aka katse layin waya a jihar nan wayata ta koma tocila. Armiya'u direba zan ba wannan, shi ke bin Kaura da Zurmi ya fita ta Katsina, daga can ya san hannun da zai saka ta.

Ranar da kika sa sunana a aikin asibitin nan, kin yi mini bayani cewa ofishinku ya riga ya gina shi kaf a cikin kwamfuta, bulo da bulo, rodi da rodi. Kika ce kun haɗa wannan ginin da wata manhaja mai ƙiyasin kaya da kuɗi, ta yadda in aka matsar da bango taku ɗaya, da kanta za ta canza yawan siminti, kuma takardar da dillalin Shinkafi ke ba mu kaya da ita daga wurinta take fitowa. Na yi dariya ranar, na ce ashe an kusa sallamar birkiloli. To yau ga ni ina neman alfarma a wurinta.

Makon jiya mun gama zuba fandishon masai huɗun nan na bayan asibiti, mun ɗora bulo layi biyu. Sai ga Liman Mahmuda, limamin garin, ya biyo da dattawa uku. Ya shiga ɗaya ya tsaya, ya dubi inda muka bar ramin, ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya ce, "Malam Jelani, in mutum ya tsugunna nan, ina za shi huskanta?" Gabas ne sak, alƙibla. Shekara talatin da ɗaya ina gini ban taɓa yin wannan kuskure ba, amma na biye wa takarda ban ɗaga kai ba. Wani tsoho cikinsu ya ce, "Ko ciwo na kashe matanmu, ba su shiga wanga wuri."

Ba waya, ba wanda zan tambaya, ga ruwa na shirin cika ramuka. Sai na fasa abin da muka yi, na juya su huɗun suka dubi arewa. Dole bangon baya ya ƙaru da ƙafa goma sha huɗu, babban ramin ma ya matsa, muka sake ɗaure shi. Abin ya ci buhu ashirin da shida, har da biyu da suka jiƙe da babur ya kife da su a mashigin rafi. Daga simintin lintar ɗakin haihuwa na ɗiba, don haka ɗakin na nan tsaye ba linta. Na zana miki komai da awonsa a bayan takardar nan.

Ki gaya wa kwamfutarku, Injiniya, ta juya nata masan kamar yadda na juya nawa, ta fito mana da takardar cikon kaya. Ki kuma tambaye ta ko ta san gabas.

Kawunki,
Jelani birkila.

*

Kaduna,
26 ga Satumba, 2021.

Kawu Jelani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, da su Inna Zuwaira da yara can Kaura. Mama tana gaishe ka, ƙafar da sauƙi. Kullum sai mun kunna rediyo don jin labarin yankinku, Allah ya ci gaba da tsare ku.

Kawu, ka yi haƙuri, ban san yadda zan faɗi wannan magana da laushi ba. Na karanta duk abin da ya zo daga Galadi, har sau uku, kuma hankalina bai kwanta ba.

Injiniya Kamaluddeen, mai duba mana ayyukan Zamfara, ya dawo ranar Juma'a. Bai samu shiga Galadi ba saboda hanya, a Shinkafi ya tsaya. Ya ɗauko lissafin dillali, ya kuma ji daga bakin masu kai kaya cewa ɗakin haihuwa ko linta ba a zuba masa ba. Da muka shigar da wannan, manhajar ta gwada simintin da ka karɓa da matakin da ginin ya kai. Buhu ashirin da shida ba su da wurin zama. Layin Galadi ya koma ja a allon kowa, har da na shugabanmu, Injiniya Abdulrahman.

Ka san dalilin da ya sa aka haɗa na'urorin nan biyu. Masu ba da kuɗin asibitocin sun gaji da jin an ce kaya sun ƙare ba a ga gini ba. Yanzu in layi ya yi ja kwana talatin ba bayani, ana tsayar da kaya, a cire mai kula da aikin, a sa sunansa cikin waɗanda ba za a ƙara ba aiki ba. Takardar kuma har ƙaramar hukuma ake aika ta, ka san yadda irin wannan ke yawo a bakin mutane daga Shinkafi zuwa Kaura.

Ni na tsaya a gaban shugaba na ce ina da kawu wanda ba a taɓa kama shi da ƙusa ɗaya ba. Wani a ofis ya tambaye ni kawu na kusa ko na nesa, na ce kakarsa da kakar mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, kuma a gidanmu wannan kusa ne. Jiya mutumin ya wuce ta teburina yana murmushi.

Don Allah Kawu, ina buhu ashirin da shidan nan suka shiga? Ka rubuto da wuri. Na ba wata ma'aikaciyar jinya da za ta Shinkafi wannan, hannu da hannu.

'Yarka,
Zulaihat.

*

Galadi,
9 ga Oktoba, 2021.

Zulaihat,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gai da Hindu.

Takardarki ta same ni a kan gini, na karanta ta a tsaye, na koma inuwa na sake karantawa a zaune. Kin ce kin karanta duk abin da ya zo daga Galadi har sau uku. To in haka ne kin san abin da na yi da simintin, ban ga abin tambaya ba.

Na yi, da hannuna na yi, ban shawarci ofishinku ba don ba hanyar shawara. Halin da na samu kaina ne ya sa, kuma gobe in na sake samun kaina a ciki haka zan yi. Ban ɓoye wa kowa ba, gaban mutane aka yi. In wannan ne zai sa a rubuta sunana cikin ɓarayi, a rubuta.

Abin da ya yi mini ciwo shi ne daga bakinki tambayar ta fito. Na zaci ko duk Kaduna ba su gane ba, ke za ki gane, tunda a gidan malamai kika tashi.

Aiki ya tsaya tun Litinin. Dillali ya ce ba takarda, ba kaya. Leburori uku sun koma gona.

Jelani.

*

Kaduna,
20 ga Oktoba, 2021.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki lafiya. Mu ma lafiya.

Wasiƙarka ta tara ga wata ita ce ta farko da na samu daga hannunka tun da aka katse waya, kuma da ma ban same ta ba. Na yi ta addu'a ka ce dillali ne ya yi kuskure, ko ruwa ya lalata. Sai ka ce ka yi, da hannunka.

Ba zan yi maka faɗa ba, ban isa ba. Mama ta gaya mini katangar gidanka ta Kaura ta faɗi da ruwan Agusta, gidan ya zauna a buɗe da mata da yara a wannan zamani, kuma ta ji an tayar da ita. Na gane halin da kake nufi. Da ka faɗa mini tun farko da na san yadda na yi, albashina bai kai ya kawo ba amma zai sayi buhu ashirin da shida a wata uku.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika, don haka na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Jiya Talata, da kowa ya fita sallar Azahar, na buɗe ginin kwamfuta na ƙara wa fandishon ɗakin haihuwa faɗi da zurfi. Ina ƙarawa kaɗan-kaɗan ina duba ɗayan allon, ƙiyasin yana hawa da kansa, har ashirin da shidan suka shige cif. A wurin dalili na rubuta cewa ƙasar wurin ta yi laushi, mai kula da aiki ya ƙara ƙarfin tushe. Ja ya koma kore. Takardar cikon kaya ta fita, za ta iso dillali tare da wannan.

Yanzu ka saurare ni da kyau, don Allah. Duk wanda ya taɓa ginin nan, na'urar tana rubuta sunansa da rana da sa'a, ba mai iya gogewa. Sunana ne a wurin. Injiniya Kamaluddeen zai shigo Galadi ƙarshen wata in ya samu rakiyar sojoji. In ya tambaye ka, ka ce ƙasa ce ta yi laushi ka ƙara fandisho. Ba zai tona ba, ba shi da lokaci. In maganarka ta saɓa da tawa, aikina ya tafi, kuma ba ofishin da zai ƙara ɗaukata.

Ban gaya wa Mama ba. Kai ma kada ka gaya wa Inna Zuwaira. Ka ƙona wannan in ka karanta.

Zulaihat.

*

Kaduna,
3 ga Nuwamba, 2021.

Kawu Jelani, Kawuna,

Assalamu alaikum. Ban san da wace fuska zan gaishe ka ba. Allah ya sa kana lafiya.

Shekaranjiya wani ɗan kamasho ya kawo ofis wata ambulan duk ta yi baƙin mai. Wasiƙarka ce ta sha biyu ga Satumba. Motar Armiya'u ta lalace a Zurmi, ta yi mako shida a gareji, takardar na cikin aljihun gaban mota ya manta da ita. Da na ce maka na karanta abin da ya zo daga Galadi, rahoton Kamaluddeen nake nufi. Ban san da maganar masai ba, Kawu, wallahi ban sani ba.

Na karanta na kai inda ka ce in tambayi kwamfuta ko ta san gabas, sai na kifa kai a tebur na yi ta kuka, har abokiyar aikina ta zaci rasuwa aka yi.

Da na natsu na ɗauki zanenka na bayan takarda. Na mayar da fandishon ɗakin haihuwa yadda yake, na juya masan huɗu suka dubi arewa, na ja bangon baya ƙafa goma sha huɗu, na matsar da ramin, na shigar da aikin da aka fasa. Manhajar ta ba da ashirin da huɗu. Da biyun da suka jiƙe a rafi, ashirin da shida. Ko rabin buhu ba ka ƙara ba. Wanda ya zana asibitin bai taɓa sa alƙibla a lissafinsa ba, ni kuma da nake sallah sau biyar na duba zanen nan ya fi sau ɗari ban gani ba. Zanen asibitin da za mu gina a Zurmi ma haka yake, Allah ya sa ba a fara haƙa ba, an gyara.

Jiya na shiga wurin Injiniya Abdulrahman da wasiƙarka a hannu, na faɗa masa komai, har da abin da na yi ranar Talatar nan. Ya karɓe izinina na taɓa ginin kwamfuta, ya dakatar da ni wata uku. Ya ce kai kuma ofis zai rubuta maka takardar ban-haƙuri, a karanta a gaban mutanen gari. Dakatarwar ba ta dame ni ba, na cancanci fiye da haka.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne Kamaluddeen ya tafi tun makon jiya, da tsohuwar takarda mai fandishon ƙarya a jakarsa, kuma ba hanyar kiransa. Ban sani ba ko ya iso ku. In bai iso ba, don girman Allah ka manta da abin da na ce ka faɗa. Ka kama hannunsa ka zagaya da shi bayan asibiti ka nuna masa.

Ka yafe mini. Na yi maka zaton da bai kamata ko baƙo ya yi maka ba.

'Yarka,
Zulaihat.

*

Kaura Namoda,
9 ga Disamba, 2021.

Ɗiyata Zulaihat,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, na shigo gida kwana biyu in ga iyali. Zuwaira na gaishe ki, ba ta san komai ba. Yaya zaman gida? Kada ki bari dakatarwar nan ta sa ki rama, wata uku kamar gobe ne.

Layi ya dawo, na ga kiranki goma sha ɗaya. Ban ɗauka ba don na san in na ji muryarki zan ce ba komai, alhali akwai. Gara in rubuta.

Wasiƙarki ta ƙarshe ta makara da kwana goma sha biyu. Wadda ta riga ta, mai cewa in ƙona, ita ta zo a kan lokaci, ranar Laraba. A cikinta na gane takardata ta farko ba ta same ki ba, na kuma gane abin da kika ɗauke ni. Katangar gidana da jar ƙasa na tayar da ita, ni da surukina, in kin zo za ki gani. Na zauna zan rubuto miki, washegari Alhamis sai ga Kamaluddeen da motar sojoji biyu.

Minti ashirin aka ba shi. Bai zagaya baya ba, a gaban ɗakin haihuwa ya tsaya, ga leburori, ga Liman Mahmuda da dattawansa sun zo tarbar baƙo. Ya buɗe takarda, na hango sunanki a ƙasanta. Ya ce, "Malam Jelani, an ce ƙasa ta yi laushi ka ƙara fandisho, nan simintin ya tafi. Haka ne?"

Masan na bayana, taku talatin. Da na nuna masa su da na fita tas, ke kuma da kin shiga. Na dubi takardar, na tuna Hindu da irin wahalar da ta sha kafin ki kai inda kika kai. Na ce haka ne.

Liman yana tsaye ranar da muka zuba fandishon nan, shi ya yi mana addu'a a kansa. Ƙasar wurin tsandauri ce, sai da muka karya diga biyu. Leburorina su suka haƙa. Kamaluddeen ya sa hannu ya shiga mota. Da ƙura ta lafa Liman ya matso ya ce a hankali, "Malam Jelani, mu munka sa ka juya masai, mi ya hana ka hwaɗi?" Na ce masa akwai dalili. Ya ce, "To." Ya juya ya tafi.

Makon jiya aka kawo takardar ban-haƙurin, aka karanta a ƙofar masallaci bayan La'asar. Ta ce siminti ya cika, ba a ci ko buhu ɗaya ba, an kuma gode wa mutanen gari da suka gano kuskuren zane. Ta ce maganar fandisho ba gaskiya ba ce. Ba ta ambaci sunanki ba, na gode wa shugabanku da wannan. Amma duk wanda ke wurin ya san bakin da ya faɗe ta a Galadi.

Kin ce in yafe miki. Na yafe, duniya da lahira, kuma ba ke kika buɗe bakina ba, ni na buɗe. Na ga kuma abin da kika yi daga baya, ba kowa zai shiga ofishin shugabansa da ƙafarsa ba. Sai dai in gaya miki gaskiya, wasiƙar da kika tambaye ni ina siminti ya shiga, wadda na yi fushi da ita, ta fi mini wadda kika rufa mini asiri. A ta farko kina shakka. A ta biyu kin gama yarda.

An zuba linta, jibi za mu ɗora katako, in Allah ya so kafin azumi mata za su fara haihuwa a ciki. Ba a cire ni ba, layinmu kore ne, kaya na zuwa a kan kari. Mutanen gari suna gaishe ni kamar da, Liman ma haka. Abu ɗaya ne ya canza. Kullum da safe kafin mu fara kwaɓi, Liman yakan turo ƙanensa ya ƙirga buhunan da ke sito, ya rubuta a 'yar takarda. Ba wanda ya ce mini don me, ni ma ban tambaya ba. Ni nake buɗe masa ƙofar.

Ki gai da Hindu. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Jelani.